Mai Turare Ta Ƙetare Shari

Ku 'yan matan da kuke zuwa lambuna bayan an tashi daga makaranta, na lura abin da kowaccenku take fara nema shi ne garwar ban ruwa. A ganinku aikin ke nan: a zuba ruwa, a zauna a inuwa, a jira fure. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake kamar ku. Shi ya sa nake so in ba ku labarin mangwaron nan da kuke jingina da shi kuna cin gyaɗa, don ku san abin da kuka ba baya.

Wasa wuƙa shi ne aikin farko da Kawu Mamman ya ba ni. Kawu yayan mahaifiyata ne, mutumin Damagaram. Ya zo Injamena yana saurayi, ya yi aikin lambu a gidajen Turawa, daga baya ya samu wannan fili a unguwar Sabangali, bayan gidanmu, inda ƙasa take gangarawa zuwa kogin Shari. A lokacin ina lise, wato makarantar sakandare, kaina cike da waƙoƙin Faransanci, nakan zo lambun ne don in zauna in kalli yadda balbelu suke komawa gida a kan ruwa. Shi ya sa Kawu yake kirana 'yar lakwal, wato 'yar makarantar boko. Wata rana ya miƙo mini dutsen wasa wuƙa da wata 'yar wuƙa mai ƙotar ƙaho.

"'Yar lakwal, idan kin gama kallon tsuntsayen, ga aiki."

Na wasa, na kai masa. Ya goga ta a gashin hannunsa, ya dawo mini da ita. Haka muka yi ta yi har damina ta wuce. Ranar da wuƙar ta aske gashin ba tare da ya danna ba, bai yaba ba. Ya dai ce gobe in zo da wuri.

Aikin da ake wasa wuƙar dominsa, mu a sana'armu aure muke ce masa. Idan kuka shuka ƙwallon mangwaro mai daɗi, abin da zai fito ba lallai ya yi kama da uwarsa ba. Yawanci mai zare ne, wanda za ku wuni kuna sakace haƙori. Don haka sai a yanko tsinken reshe daga bishiya mai kyau, a fere gindinsa, a tsaga jikin ƙaramin dashe na gama-gari, a haɗa su ɓawo da ɓawo, a ɗaure da tsiri na leda, a toshe da kakin zuma. Saiwar ta gama-gari ce, mai jure ƙishi, 'ya'yan kuma na mai kyau ne. A baki abu ne mai sauƙi. Amma ba a yanko tsinke haka kawai. Kwanaki kafin a yanka, sai an je an tsinke ganyen reshen yana kan uwarsa, a bar shi tsirara, don idanunsa su kumbura, ya tara ƙarfi. Tsinken da ba a yi masa haka ba, ko an ɗaura, bushewa yake yi. Bayan an fere kuma, yatsa ba ya taɓa wurin yankan, ƙasa ba ta taɓa shi. A leɓe ake riƙe kansa yayin da hannuwa suke tsaga dashen. Shi ya sa mai aure ba ya magana a bakin aiki, shi ya sa kuma za ku gan mu da leɓe a tsattsage, don ƙaron mangwaro yana da zafi.

Masu saye iri-iri ne. Matan Babbar Kasuwa suna zuwa da sassafe su ɗauki na'ana'a da yakuwa da salak. Ma'aikatan gwamnati suna aiko direbobinsu su sayi dashen lemo da gwaiba. Akwai wata Baturiya da take sayen furanni tana kashe su da yawan ruwa, ta dawo ta ce ƙasarmu ce ba ta da kyau. Kawu yakan ba ta wasu, ya ce da ni, "Ki bar ta, ita ce take ciyar da mu."

Duk abin da ke lambun na sayarwa ne, ban da abu ɗaya. A tsakiyar filin akwai wata bishiyar mangwaro da muke kira Mai Turare. 'Ya'yanta ba su da girma sosai, ba su da zare ko kaɗan, idan kuma guda ya nuna a ɗaki, wanda ke zaure zai sani. Kawu ya samo tsinkenta ne tun yana yaron lambu, daga wata tsohuwar bishiya da aka sare daga baya lokacin da za a fitar da hanya. Ita kaɗai ta rage, a iya saninmu. Yana sayar da 'ya'yanta, amma bai taɓa aurar wa kowa da tsinkenta ba. Maƙwabcinmu Alhaji Sani, Bakano mai sayar da atamfa, shekara da shekaru yana roƙo ta kan katanga.

"Malam Mamman, ɗan tsinke ɗaya fa. Ko kabarinka za ka tafi da ita?"

"Alhaji, ranar da ka ba ni makullin shagonka, zan ba ka."

Su yi dariya, kowa ya koma harkarsa. Washegari a sake.

Na yi shekaru ina aikin ɗauri da toshewa da kaki kafin a bar ni in yi yanka. Abin da ya sa aka bar ni ma, hannun Kawu ne ya fara rawa. Yana iya riƙe fartanya, yana iya ɗaukar garwa biyu daga kogi, amma idan ya zo fere tsinke sai yankan ya fito da tudu da kwari, irin wannan kuwa ba ya kamawa. Sai ya koma tsayawa a bayana, ni da wuƙa, shi da ido.

Yaƙi ya fara shigo mana gari sau ɗaya, muka kwanta a ƙasan gado har ya lafa. Aka rufe makarantu, na koma lambu gaba ɗaya. Da shekara ta zagayo, bazara ta shigo, mangwaro ya ɗauki 'ya'ya kore shar, sai garin ya sake yin wani iri. Motocin masu bindiga suka yawaita. Matan kasuwa suka rage zuwa. Jemagun da suke wuni a manyan bishiyoyin bakin kogi, waɗanda kullum da magariba suke fita kamar hayaƙi, suka yi ƙaura, ba mu san inda suka nufa ba. Wata safiya Kawu ya daɗe yana kallon Mai Turare, sannan ya ce in hau in tsinke ganyen wasu rassa.

"Kawu, a wannan zafin? Ai ba lokacin aure ba ne. Kuma wa za a aurar wa?"

"Hau dai."

Na hau. Na zaɓi rassan da ba su ɗauki 'ya'ya ba, masu kaurin fensir, na tsinke ganyensu. Alhaji Sani yana ɗaure kayansa a ƙetaren katanga, ya leƙo ya gan ni.

"Mutane suna haɗa kaya, ku kuna yi wa bishiya aski. Allah ya shirye ku, mutanen Damagaram."

Bayan 'yan kwanaki abin ya ɓarke. Ba zan ba ku labarin ƙarar ba, iyayenku sun sani. Abin da na riƙe shi ne kurciyoyi sun daina kuka, ƙadangaru kuma sun shige ramuka da tsakar rana. Da harsashi ya fasa randar da ke tsakar gidanmu, Inna, mahaifiyata, ta ce tafiya ta kama. Kowa yana gangarawa kogi don ya ƙetare zuwa Kuseri, a ɓangaren Kamaru. Inna ta ɗauki tabarma da tukwane. Kawu ya ɗauki buhun gero. Ni kuma aka ce in hau bishiya. Idanun rassan sun kumbura kamar ƙwayar dawa. Na yanko su, na naɗe a tsohon ɗankwali jiƙaƙƙe, na sa a cikin ƙaramin tulu, na toshe bakin da ganye. Wuƙar da dunƙulen kaki na ɗaure su a ƙugu.

Inna ta dube ni, ta dubi yayanta.

"Yaya, mutane suna ɗaukar abin da za su ci, kai ka ɗora wa yarinya itace?"

"Bai kai tukunyarki nauyi ba," in ji shi.

A bakin kogi akwai masu bindiga suna bincike kafin a shiga kwalekwale. Wani dogo mai rawani ya nuna tulun da bakin bindigarsa, ya tambaye ni da Larabci me ke ciki. Na buɗe. Ya warware ɗankwalin, ya ga tsinkaye a jere, fuskarsa ta washe.

"Asuwaki. Wallahi tun da muka shigo garin nan ban goge bakina ba."

Ya damƙi fiye da rabi, ya rarraba wa abokansa. Na buɗe baki zan yi magana, Kawu ya taka mini ƙafa. Mutumin ya sa guda a baki ya tauna. Ƙaron ya kama masa harshe. Ya tofar, ya sake tofarwa, abokansa suna yi masa dariya.

"Wane irin asuwaki ne wannan? Ku Hausawa da wannan kuke goge baki?"

"Na tsofaffi ne, ɗana," in ji Kawu. "Sai an saba."

Ya jefo mini sauran cikin tulun, ya ce mu ɓace masa da gani. A cikin kwalekwale na sa hannu na lalubo abin da ya rage. Ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. A tsakiyar ruwa wata dorina ta ɗago kai, ta kalle mu, ta kaɗa kunne, ta nutse, kamar ba abin da ke faruwa a duniya.

Tsinken mangwaro ba ya jira. Ko a jiƙaƙƙen tsumma, 'yan kwanaki ne ya mutu. A Kuseri kuwa mutane sun cika ko'ina, a ƙarƙashin kowace bishiya akwai iyali. Mun yi sa'a wata dattijuwa, Hajja Falmata, mai sayar da busasshen kifi, ta ba mu rumfa a tsakar gidanta. Tun kafin mu ajiye kaya na ga idon Kawu ya tsaya wuri ɗaya. A bayan madafa, inda ruwan wanke-wanke yake gangarawa, akwai wata matashiyar bishiyar mangwaro. Saboda ruwan da take sha kullum, ta fitar da sabon toho ja a tsakiyar bazara. Irin wannan ake nema, mai ruwa a jiki.

Da muka gaya wa Hajja abin da muke so, ta ajiye faifan da ke hannunta.

"Na ba ku rumfa, na ba ku ruwa, yanzu kuma bishiyata za ku yanka? Wannan marigayi mijina ne ya shuka ta."

"Hajja, ba sarewa za mu yi ba," na ce. "'Yar tsaga ce a reshe, kamar shasshawa."

"'Ya'yanta suna da daɗi?" Kawu ya tambaye ta.

"Zare ne zalla. Awaki ma sai sun yi shawara. Amma tawa ce."

Kawu ya kwance bakin buhun gero. Ashe a ciki ya ɓoye 'ya'yan Mai Turare guda biyu da ya tsinko ɗanye, zafin geron ya nunar da su. Ya miƙa mata ɗaya. Ta shinshina, ta ɓare, ta ci a tsaye, ruwan yana bin hannunta har gwiwa. Da ta gama ta tsotse ƙwallon, ta dube ni.

"Ke, yarinya. Reshen da ke wajen madafa kawai. Idan bishiyar ta mutu, ke da kawunki za ku tsaya a wurin ku yi mini inuwa."

Da sanyin safiya na yi aikin, kafin rana ta ɗaga. Ba mu da leda, sai muka yayyanka jakar gishiri tsiri-tsiri, muka wanke ta sosai. Kaki muka narkar a murfin gwangwani. Daga ƙetaren kogi ana jin manyan bindigogi, kowace ƙara sai ganyen bishiyar ya motsa. Na fere tsinken farko, na sa a leɓe, na tsaga reshe. Daidai nan wata ƙara ta tashi, hannuna ya zame, yankan ya lalace. Kawu ya matso ya dafa kafaɗata da hannunsa mai rawa, ya ce a hankali, "Bari sai sun harba. Tsakanin harbi da harbi akwai lokaci. A nan za ki yanka."

Haka na yi. In jira ƙarar ta wuce, in ja wuƙa sau ɗaya, in haɗa, in ɗaure. Muka kewaye reshen da zana don rana, muka rataya jiƙaƙƙen buhu a ciki, ina yayyafa masa ruwa safe da yamma. Awakin Hajja na kora, yaran maƙwabta na kora, tururuwa na zagaye da toka.

Na farko ya yi baƙi a cikin mako. Na biyu ya bi shi. Wani ya yi kamar zai kama, ya fitar da ɗan toho, sai iska mai zafi ta ƙone shi. Saura ɗaya, yana nan kore, bai mutu ba, bai motsa ba. Kawu ya daina zuwa wajen. Yakan zauna a bakin rumfa yana gyara igiya, idan na dawo ya dubi fuskata, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ranar da na ga shamuwa ta farko ta sauka a kan rufin Hajja, alamar damina ta kusa, na ɗaga zanar na leƙa. Idon tsinken ya fashe. Ganye biyu ƙanana, ja kamar hanta, masu sheƙi, suna rataye kamar fiffiken tsuntsun da ya fito daga ƙwai yanzu. Na je na kamo hannun Kawu na kawo shi wurin. Ya duƙa ya daɗe yana kallo.

"Kada ki kwance ɗaurin tukuna," abin da ya ce ke nan. Amma ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Sai da sanyi ya shigo muka koma gida. Rufin ɗakinmu ya tafi, ƙofofi sun tafi. A lambu, tukwanen dashe duk sun farfashe, ciyawa ta kai ƙugu, macizai sun yi gida a rijiya. Mai Turare kuwa an sare ta, an yi girki da ita. Kuma an sare ta ne can ƙasa, ƙasa da tabon auren da Kawu ya yi mata tun yana saurayi. Kututturen ya sha damina ya fitar da toho da yawa, amma duk na saiwar ne, na gama-gari mai zare. Alhaji Sani, wanda ya riga mu dawowa, ya leƙo ta inda katanga ta rushe.

"Malam Mamman, sannu. Ka ga abin da nake gaya maka. Da ka ba ni, da yanzu akwai ta a wani wuri."

"Akwai ta," in ji Kawu.

"A ina?"

"A bayan madafar wata mai kifi."

Alhaji ya dube ni, ya ɗan girgiza kai, alamar tsufa ya fara taɓa Kawu.

Gyaran kututture aiki ne na haƙuri. Na zaɓi toho uku masu ƙarfi, na cire sauran. Na haƙa rami kewaye da shi na zuba taki da toka, saboda gara. Muka rayu a kan na'ana'a da yakuwa, su ne suke fitowa da wuri. Da damina ta sake matsowa, na ƙetare kogi na tsinke ganye a reshenmu na gidan Hajja, wanda ya riga ya fi hannuna tsawo. Bayan kwanaki na koma na yanko. Wannan karon ba wanda ya tare ni a bakin ruwa. Hajja ta raka ni har ƙofa tana cewa, "Ki bar mini nawa fa. Reshen nan haya yake biya."

Na aurar da su a kan tohon nan uku na kututture, duka suka kama. Saiwar tsohuwa ce, ta san hanyar ruwa, don haka rassan suka tashi da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Garin bai gama zama lafiya ba, wasu masu bindigar sun fita, wasu sun shigo, amma bishiyar ba ruwanta. Furen farko na tsinke shi da gangan, don rassan su yi ƙwari. Wannan ma ku riƙe, domin shi ne abin da ya fi yi wa sabon ma'aikaci wuya. A shekara ta gaba, da sanyi, ta yi fure har ƙudan zuma suka hana mu zama a ƙarƙashinta. Jemagu ma suka dawo, na yi ta faɗa da su da gwangwani da tsakuwa, ina jin daɗin faɗan.

Lokacin da mangwaron farko ya nuna, idon Kawu ya riga ya yi rauni, ba ya fita sai bakin zaure. Na tsinko shi da la'asar, na ɓoye a bayana, na shigo. Ban kai gare shi ba ya ɗaga kai, hancinsa yana motsi.

"'Yar lakwal, me kike ɓoyewa?"

Na sa masa a tafin hannu. Ya juya shi, ya shinshina wajen gindin, ya ɓare da haƙori. Inna ta fito daga madafa ta tsaya. Ya ci a hankali har ya kai ƙwallo.

"Ita ce," ya ce.

Ya goge hannu a gefen riga. Can sai ya ce in je in kira masa Alhaji Sani. Alhaji ya shigo yana gyara hula, aka yanka masa na biyu. Yana ci yana kallon bishiyar ta kan katanga, yana kallona.

"Yanzu wannan daga bayan madafar mai kifin take?"

"Daga can," in ji Kawu. "Alhaji, kana da dashe a gidanka?"

"Akwai wasu biyu da suka fito a bakin kwata."

"Gobe yarinyar nan za ta tsinke ganye. Idan ido ya kumbura, za ta zo ta aurar maka."

Alhaji ya tsaya da tauna.

"Makullin shagon fa? Ka san shagon ma ya ƙone."

"Riƙe abinka. Wanda duk ya tambaye ka tsinke nan gaba, ka ba shi. Sharaɗin ke nan."

Daga wannan shekarar ban san iyakar gidajen da na shiga da wuƙar nan ba. Akwai Mai Turare a unguwar Bololo, akwai a bayan masallatai, akwai a gidajen da ban taɓa sanin masu su ba, don waɗanda na ba su ma sun bayar. A Kuseri, bishiyar Hajja Falmata har yau rabi zare ce, rabi turare, jikokinta kuma sun san reshen da ake hawa. Idan bazara ta yi, nakan bi ta wata unguwa in ji ƙamshin ya tsallako katanga, in tsaya kaɗan, in wuce.

To, ku ajiye garwar nan. Ruwa kowa ya iya zubawa. Ga dutse, ga wuƙa mai ƙotar ƙaho. Wadda tata ta aske gashin hannu, ita zan ɗora a kan bishiyar ta tsinke ganye, kuma tsinken farko da ta yanka, gidansu za ta kai shi.